Yis a abincin shanun nono

Yis na abincin dabbobi wani ƙarin abinci ne da ake haɗawa daga ƙwayar halitta mai suna Saccharomyces cerevisiae, wato jinsin da ke kumbura burodi da fanke. Ana zuba shi kaɗan a cikin dusa ko haɗaɗɗen abincin shanu domin daidaita aikin tumbi. Amfani da shi ya ƙaru bayan Tarayyar Turai ta haramta sanya magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma, daga ranar 1 ga Janairu, 2006.

Tumbi da mazaunansa

Cikin saniya ya kasu gida huɗu, mafi girmansu shi ne tumbi. A cikinsa akwai biliyoyin bakteriya da sauran ƙananan halittu, kuma su ne ke narkar da ciyawa da kara, abin da saniya ba ta iya yi da kanta. Sinadaran da suke fitarwa su ke ba ta kusan kashi 70 cikin 100 na kuzarin da take buƙata.

Waɗannan halittu ba sa son iskar oksijin, ba sa kuma jure tsami mai yawa. Lafiyayyen tumbi yana zama tsakanin 6 da 7 a ma'aunin pH. Idan saniya ta ci hatsi ko dusa da yawa a lokaci guda, bakteriya irin su Streptococcus bovis sukan yawaita su fitar da asid, sai ma'aunin ya sauka. Idan ya daɗe a ƙasa da 5.8, masu narkar da kara sukan ragu. Alamominsa sun haɗa da raguwar tuƙa, ƙin cin abinci, zawo, ɗingishi da ƙarancin mai a cikin nono.

Yadda yis ke aiki

Rayayyen yis yana zuƙe ɗan oksijin da ke shiga tumbi tare da abinci da ruwa, sai masu narkar da kara irin su Fibrobacter succinogenes da Ruminococcus albus su samu damar yaɗuwa. Yana kuma rige Streptococcus bovis cinye sukari, yana ƙarfafa Megasphaera elsdenii wadda ke cinye asid ɗin da ya taru. Yis ba ya kafa zuriya a tumbi, shi ya sa ake ba da shi kullum.

Nau'o'i

Akwai rayayyen yis busasshe, kamar Yea-Sacc da Levucell SC da Actisaf. Akwai kuma wanda ake busarwa tare da hatsin da aka rene shi a ciki, irin na kamfanin Diamond V a Amurka, wanda amfaninsa ke cikin sinadaran da yis ɗin ya fitar. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Journal of Dairy Science a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa kan nau'i na biyu, ya nuna ƙarin nono kimanin kilo 1.2 ga kowace saniya a rana.

A Gaya da Ajingi

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi a gabashin Jihar Kano yanki ne na noma da kiwo, kusa da kasuwar shanu ta Wudil mai ci ranar Juma'a. Mafi yawan shanun yankin Bunaji ne da Bokolo, kuma abin da ake tatsa daga saniya ɗaya ba ya cika wuce lita biyu a rana. Da rani abincinsu karan dawa ne da na gero, sai harawa da kowa da 'ya'yan gawo.

Gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne galibi a kan shanun Holstein masu cin hatsi da yawa, don haka ba lallai ba ne saniyar Bunaji ta ba da irin wannan ƙarin. Babbar matsalarta da bazara ita ce ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma yis ba ya maye gurbin harawa ko angurya. Inda ya fi dacewa shi ne lokacin sauyin abinci: saniyar da ta haihu aka soma tura mata dusa, shanun da aka ɗaure don kiwon turke, da shanun da aka yi wa barbara da irin ƙasashen waje. Irin wannan kiwo ne shirin KSADP na Jihar Kano, mai tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, ya ƙarfafa ta hanyar cibiyoyin tattara nono da sarrafa kara.

Makiyayan yankin sun daɗe suna ba shanu kanwa, wadda sinadaranta ke rage tsami, sai dai ba ta ƙara yawan masu narkar da kara kamar yis.

Abubuwan lura

Zafi da danshi suna kashe rayayyen yis, saboda haka ana ajiye shi a rufe a wuri mai sanyi, ba a kuma zuba shi a ruwan zafi. Yis na burodi jinsi ɗaya ne da na dabbobi, amma irin da aka tace don tumbi daban ne. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar irin waɗannan kayayyaki, cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya kuma tana binciken abincin dabbobi. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a riƙa ƙara dusa sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, tare da wadataccen kara da ruwa, ko da yis ko babu.