Amanar da ke Wuyan Injiniya: Darasi daga Zobe da Lambar Rimi

A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwanta domin amfanin birnin Katsina. Shekara 38 ruwa na kwance a Zobe, birni kuwa yana dogaro da madatsar Ajiwa da rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura kura cike da jarkoki lungu-lungu.

A Lambar Rimi ma an kafa injina 37 na samar da lantarki daga iska, masu jimillar ƙarfin megawat 10. Tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka ɗauko maganar, amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, musamman bayan an sace injiniya Bafaranshe Francis Collomp a Rimi cikin Disambar 2012.

Rashin kuɗi da sauyin gwamnati da matsalar tsaro ba a hannun injiniya suke ba. Abin da ke hannunsa shi ne sa hannu. A ƙa'ida, ba a biyan ɗan kwangila sai injiniya mai sa ido ya shaida a rubuce cewa aiki ya yi. A nan ake cin amana ko a riƙe ta. Zane ya ce rodi mai kaurin milimita 16, sai a saka mai 12. A cika yashi a rage siminti, har bulo ya riƙa marmashewa a hannun lebura. A zuba kankare a ƙi ba shi ruwa, a cire katako tun bai yi ƙwari ba. A gina kwalbatin da ba zai iya da ruwan Agusta ba. Fenti yana rufe wannan duka ranar buɗe aiki, damina ce ke tona asiri.

Akwai kuma haƙƙin faɗin gaskiya tun kafin a haƙa harsashi: nawa aikin zai ci, wa zai kula da shi, ina za a samo kayan gyara. Misali, Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, da ƙasa aka gina ta, kuma yaɓe da gyara ne suka kawo ta yau.

Tun 1970 aka kafa hukumar COREN domin yi wa injiniyoyi rajista, tana kuma da ikon soke sunan wanda ya saɓa ƙa'ida. Saboda haka duk mai shirin ɗora bene a Katsina ya nemi ganin rajistar injiniyansa. Gwamnati kuma ta tsaya wa injiniyan da ya ƙi sa hannu a kan aikin algus, kada sakayyarsa ta zama canjin wurin aiki.