Ƙarancin bitamin D a ƙasar rana: wa ya kamata ya sha, kuma nawa?

Duk wanda ya bi kwaltar da ta taso daga Gidan Rumji, ta bi ta Tibiri da gefen Maraɗi, ta ratsa Cadawa da Agiye har Gazawa a cikin watan Afrilu, da wuya ya yarda cewa a wannan ƙasa akwai mai ƙarancin abin da rana ke bayarwa kyauta. Zafi kan haura digiri 40. Hasken da fatar mutum ke sarrafawa ta yi bitamin D kuwa ba ya yankewa a nan, rani da damina, saɓanin Turai inda yake ɓacewa watanni a lokacin hunturu. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗaukar matsalar a matsayin ta Turawa.

Bincike ya nuna ba haka abin yake ba. A 2020 mujallar Lancet Global Health ta wallafa aikin Reagan Mogire na Kenya da abokansa, waɗanda suka tattara gwaje-gwajen jini da aka yi a ƙasashen Afirka daban-daban. Sun samu cewa kusan mutum 1 cikin 3 bitamin D ɗinsa bai kai nanomol 50 a litar jini ba, wato ma'aunin da yawancin likitoci ke cewa ya wadatar. Abin ya fi yawa a birane, da tsakanin mata, da jarirai sabbin haihuwa.

Manomin da ke yini a gonar gero a Gangara, ko matar da ke jan ruwa a rijiya tana ɗibar itace a dawa, ba su ne abin damuwa ba. Rana ta gama musu aiki. Waɗanda ya kamata a duba su ne waɗanda rana ba ta taɓa fatarsu: tsohon da ciwo ya kwantar a ɗaki, ɗan kasuwar da ke shiga shago da safe ya fito bayan magariba, da matar kulle wadda in ma ta fita a lulluɓe take. Kulle a kudancin jihar Maraɗi ba batun addini kaɗai ba ne. Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun rubuta tun 2004 yadda ƙarancin ƙasar noma ke raba mata da gamanarsu, wato 'yan gonakin kansu, a ce su zauna gida tunda ba gonar da za a ba su. Ga kuma haihuwa a kai a kai. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna macen Nijar kan haifi 'ya'ya 7.6 a ƙiyasi, Maraɗi kuwa ta ɗara haka. Kowane ciki da kowane goyo daga jikin uwa yake ɗibar abin gina ƙashi.

Aikin bitamin D a jiki aikin ɗan dako ne: shi ke ɗauko sinadarin kalsiyam daga hanji ya kai shi jini, daga nan ƙashi ya samu. In ya yi ƙaranci sosai ga yaro, ƙafafu su lanƙwashe. Ga babba, wanda ƙashinsa ya riga ya gama tsawo, sai ƙashin ya yi laushi. Alamar ba ta zuwa da hayaniya. Ciwo ne mai nauyi a ƙugu da kwankwaso da cinyoyi, wanda ba ya jin maganin ciwon jiki. Za ka ga mace mai shekara talatin da 'yan kai tana son tashi daga tabarma, sai ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta kama bango kafin ta miƙe. In tana tafiya tana rangaji gefe da gefe. A gida sai a ce sanyin ƙashi ne, ko gajiyar haihuwa, ko jifa.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara, domin ba duk ciwon ƙashi ba ne na bitamin D, kuma mutanen gundumar Gidan Rumji sun fi kowa sanin haka. A Tibiri, tun daga 1985 aka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fuloraid ninki uku zuwa huɗu na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance. Shekara goma sha biyar ana sha. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka karkace, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na FIDH da ANDDH suka fitar da rahoto a kai a 2002. Waɗancan yara yau magidanta ne da matan aure. Wanda a cikinsu ke fama da ƙugu ko gwiwa, kwalbar bitamin ba za ta warware masa abin da ruwa ya ƙulla ba. Haka mai sikila, da mai tarin fuka da ya sauka a ƙashin baya, da mai ciwon ƙoda. Duka suna zuwa da "ƙasusuwana ke ciwo", kuma kowanne hanyarsa daban.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin jini da ake kira 25-OH D. Ƙasa da nanomol 30 a lita, ko nanogiram 12 a mililita yadda wasu ɗakunan gwaji ke rubutawa, ƙaranci ne na gaske. Gwajin yana da tsada, kuma ba aikin ƙaramar likitar ƙauye ba ne. Sai an nemi babban ɗakin gwaji a birni. Saboda haka sau da yawa ma'aikacin lafiya da alamu da tarihin mara lafiya yake aiki. Ban ga laifin wannan ba, matuƙar an tsaya kan ƙa'idar yawa. In kuma ana shirin ba da bitamin D mai ƙarfi, gwajin kalsiyam da na aikin ƙoda sun fi sauƙin samu, kuma su ne suka fi tsare rai.

To, nawa ne ƙa'idar? Ana auna bitamin D da ma'aunin da ake rubutawa UI a kwalin Faransanci, IU a na Ingilishi. Abu ɗaya ne. Maikirogiram 1 daidai yake da UI 40. Cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta tsayar a rahotonta na 2011 cewa baligi na buƙatar UI 600 a rana, wanda ya haura shekara 70 kuma UI 800, sannan kada mai sha da kansa ya wuce UI 4,000 a rana. Wanda aka tabbatar yana da ƙaranci, likita kan ɗora shi kan mai ƙarfi na ɗan lokaci, misali UI 50,000 sau ɗaya a mako har mako 8, daga nan a sauko zuwa UI 800 ko 1,000 ko 2,000 a rana. Magani ne mai ranar farawa da ranar gamawa. Ana shansa da abinci mai ɗan maiƙo, domin a cikin mai yake narkewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne 'yar kwalbar nan ta gilashi da ake karya wa wuya. A tsarin magungunan Faransa, wanda kantunan maganinmu suka gada, bitamin D ya fi zuwa a haka: Uvedose mai UI 100,000, Vitamine D3 BON mai UI 200,000, har da Stérogyl 15 mai UI 600,000. Kwalbar ba ta kai ɗan yatsa ba, ruwan ciki ɗan mai ne garai-garai da bai cika cokalin shayi ba, lambar kuwa da ƙananan baƙaƙe aka buga ta. Wanda ya riƙe ta a tafin hannu ba zai taɓa zaton abin da ke ciki ba. A lissafa: UI 200,000 buƙatar kusan wata 11 ce. Ta UI 600,000 ta kusa shekara uku. An yi su ne a sha ɗaya, a jira watanni. Wanda ya ji daɗin ta farko ya ce bari ya riƙa karya ɗaya mai UI 200,000 duk Juma'a, yana zuba wa jikinsa fiye da UI 28,000 a rana, ninki bakwai na iyakar da aka gindaya.

Kuma jiki ba ya zubar da rarar a fitsari yadda yake yi da bitamin C. A kitse yake ajiye ta. Kalsiyam sai ya yi ta hauhawa a jini, mutum ya fara jin ƙishirwa marar yankewa, fitsari ba dare ba rana, tashin zuciya, amai, taurin bayan gida, kasala, daga baya ruɗewa. In abin ya daɗe, tsakuwa ta fito a ƙoda ko ƙodar ta gaza. Ko an daina sha, sai a yi makonni, wani lokaci watanni, kafin jini ya daidaita. Likitocin Kashmir a Indiya sun ba da rahoton tsofaffin da aka kwantar da ƙoda a lalace bayan an yi ta yi musu allurar UI 600,000 a jere saboda ciwon baya da na gaɓoɓi. Abin da ke ba ni tsoro a ƙasarmu shi ne alamar farko ba ta da bambanci da yanayi. Wa ba ya jin ƙishirwa a Gazawa a watan Mayu? Balle in azumi ya faɗo cikin bazara, jiki a bushe, ƙoda tana aiki da ƙyar.

Ga kuma mai tallar magani da tirensa a ka ko kwalinsa a bayan babur, yana zaga kasuwannin ƙauye da kayan da suka shigo ta kan iyaka, sun sha rana sun sha ƙura. Ba ya tambayar me kake sha a gida. Alhali mutum ɗaya na iya haɗa ƙwayar kalsiyam mai D3 a ciki, da ruwan bitamin na buɗe ciki, da 'yar kwalbar, bai san abu ɗaya yake tarawa ta ƙofa uku ba. Akwai ma wasu masu kama da suna, alfakalsidol da kalsitiriyol, waɗanda ake aunawa da rubu'in maikirogiram. Waɗannan na masu ciwon ƙoda ne da makamantansu, a ƙarƙashin idon likita. Ba su da alaƙa da abin da ake sha don ƙarin ƙarfi.

Wasu mutane ko ƙaramin awo bai kamata su fara ba sai sun faɗa wa likita halin da suke ciki: wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, mai ciwon ƙoda, mai tarin fuka da ke kan magani, mai shan digoksin don zuciya, da mai hawan jini da ke shan haidirokulorotayazaid, domin wannan yana hana kalsiyam fita ta fitsari. Akasin haka, mai farfaɗiya da ya shekara da shekaru kan fenobarbital ko karbamazefin, magungunan suna cinye masa bitamin D, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Mai ciki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a ba kowace ba, sai wadda aka ga tana da ƙaranci. A Faransa ana ba da UI 100,000 sau ɗaya a farkon wata na bakwai. Ko wanne aka bi, wurin awon ciki za a yanke, ba shawarar maƙwabciya ba.

Mai lafiya da ke sha don rigakafin komai da komai, kuɗinsa yake ɓatawa. Gwajin VITAL a Amurka ya bi mutum 25,871 tsawon shekara biyar, rabinsu suna shan UI 2,000 kullum. Sakamakon 2018 bai nuna raguwar cutar kansa ko bugun zuciya ba, na 2022 kuma bai nuna raguwar karaya ba. A Ostireliya an gwada ba tsofaffin mata UI 500,000 sau ɗaya a shekara, sai rahoton 2010 ya nuna faɗuwa da karaya ƙaruwa suka yi.

Akwai darasin da ya fito daga Jos wanda nake ganin ya fi duk waɗannan kusa da tukunyarmu. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi kan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa. Waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Abincin yaran kusan miligiram 200 na kalsiyam kawai yake ba su a rana. Baligi kusan 1,000 yake buƙata. Tuwon gero da na dawa ba su da shi da yawa, bitamin D kuwa babu shi a cikinsu sam. Gidan da furarsa ta koma ruwa da gari saboda nono ya yi tsada, ko an sha kwalba goma ba abin da bitamin zai ɗauko daga hanji. Nono, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu su ne ma'adinin kalsiyam da ke hannunmu. Bitamin D ɗin kansa ana samun kaɗan a gwaiduwar ƙwai, hanta da sardin na gwangwani.

Rana kuwa ba ta taɓa yi wa kowa yawa ta wannan fuska, domin fata kan tsayar da sarrafawa in ta ƙoshi. Matar da ba ta fita, ba sai ta saɓa wa mijinta ko ta ajiye hijabinta a titi ba. Tsakar gidan Bahaushe a buɗe take. Ta zauna da hantsi, lokacin da inuwa ta fara gajarta, hannuwa da ƙafafu a waje, 'yan kwanaki a mako; baƙar fata ta fi farar fata buƙatar lokaci, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aiki. Tsohon da ke kwance ma a fito da shi ya sha hantsi.

Wanda likita ya rubuta wa maganin, kafin ya bar ɗakin ya tambaya: UI nawa ne, bayan kwana nawa zan sake, yaushe zan daina? Ya sa a rubuta ranar da ya sha a jikin kwalin, ya saya a kantin magani mai izini. In kuma bayan sha ƙishirwa da yawan fitsari da amai suka taso, ya dakata, ya sha ruwa, ya tafi asibiti a ranar, da kwalin a hannunsa.