Tsimin Ruwa a Tsarki Sunna Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu saurare, ƙasarmu ta san fari. Dattawa ba su manta da na 1973 da na 1984 ba, kuma a 1985 kogin Isa ya tsaya da gudu a Yamai. Damagaram kuwa bisa dutse take zaune, daga nesa ake janyo mata ruwa, kamar rijiyoyin Gogo da Arunguza. In bazara ta yi, pampo yakan kwana biyu bai zubo ba, mata su raba dare a layi da bido, farashin 'yan garuwa ya hau. To, yaya mai azumi zai yi da tsarkinsa?

Ku sani, ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda, yana wanka da sa'i guda zuwa mudu 5. Mudun Annabi cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ba, sa'i kuwa mudu 4 ne. Shi ya sa mai Risala ya sanya ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki cikin sunna, ya kira ɓarnarsa wuce iyaka. Wankin farko da ya game gaɓa shi ne farilla, na biyu da na uku mustahabbi ne. Wanda ruwansa ya ƙaranta, ya tsaya kan ɗaya, alwalarsa ta cika. Ruwan tabki da laka ta sauya wa launi yana tsarkakewa, sai a bar na pampo don sha da dahuwa.

Idan abin da ya rage a randa na buɗa baki ne, kuma ana tsoron ƙishin da zai cutar da yaro ko tsoho ko dabba, malaman Malikiyya sun ce a yi taimama, a bar ruwan ga mai rai. Kada wani ya ƙuntata wa iyalinsa da sunan tsentseni a inda Allah Ya sauƙaƙa.

Wanda pamponsa ke kawowa da dare, kada ya rufe ƙofa ga maƙwabci. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta ga musulmi. Ruwan alwala kuma a tara shi a kwano, a zuba wa itacen gida. Buta mai yoyo a sauya ta, pampon masallaci a rufe shi.

Sa'an nan mu koma ga Mai saukar da ruwa, da tuba da mayar da haƙƙin mutane, kamar yadda Sayyidina Umaru ya fita da jama'a roƙon ruwa a shekarar Toka, ta 18 bayan Hijira.

Allah Ya shayar da mu da dabbobinmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya karɓi azuminmu. Amin.