Ƙarin gashin ido: Abin da ya kamata a sani kafin shiga shagon kwalliya

Ƙarin gashin ido ya zama ruwan dare a kwalliyar amare da 'yan mata a biranen Najeriya, daga Legas zuwa Abuja da Kano. Wasu na ganin ado bai cika ba sai da shi, wasu kuma sun fi son barin ido yadda aka halicce shi. Kafin mace ta yanke shawara, yana da kyau ta san aikin da wannan gashi yake yi.

Gashin ido garkuwa ne, domin shi ke tare ƙura da ƙananan ƙwari, yana kuma sa ido ya ƙifta da zarar wani abu ya taɓa shi. A shekarar 2015, masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka sun auna idanun nau'o'in dabbobi masu shayarwa 22, inda suka gano cewa tsawon gashin yana kai kimanin kashi ɗaya bisa uku na faɗin ido. Wannan tsawo ne ya fi rage iskar da ke busar da ido. Idan gashin ya zarce haka, sai ya riƙa jan iska da ƙura zuwa ciki.

Ado da gashin ido na kanti ya daɗe. Wata 'yar Kanada mai suna Anna Taylor ta yi rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1911. A yau garin Pingdu da ke lardin Shandong na ƙasar Sin ne cibiyar sarrafa shi mafi girma a duniya.

Babbar matsalar tana tattare da gam ɗin da ake liƙa shi. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin da ke cikin gam mai saurin kamawa, wani kuma na fitar da fomaldihaid, wanda kan haddasa ƙaiƙayi da jan ido da kumburin fatar ido. Nauyin gashin da aka liƙa kan tsinke na asali, sannan dattin da ke taruwa a gindinsa na iya jawo ciwo.

Akwai kuma magungunan tsirar da gashi. A 2008 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da Latisse, wanda asalin sinadarinsa maganin hawan jinin ido ne, wato gulukoma. Yana ƙara tsawon gashi, amma yana iya duhunta fatar ido, har ma ya sauya launin ƙwayar ido. Don haka ba a amfani da shi sai da izinin likita.

Kwalliyar gargajiya ma tana buƙatar lura. A 2012 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa. An gano cewa kwallin da ake sa masa na ɗauke da dalma fiye da kashi 80 cikin 100.

Ga wadda ta zaɓi ƙarin gashi, ta gwada gam ɗin a fatar hannu kwana ɗaya ko biyu kafin a sa mata, ta duba lambar rajistar NAFDAC, ta tabbatar an tsabtace kayan aikin. Kada ta fizge gashin da ƙarfi wajen cirewa, ta kuma riƙa ba idon hutu tsakanin biki da biki. Idan ido ya yi ja ko ya kumbura, a garzaya wurin likitan ido, kada garin neman gira a rasa ido.