Ɗurin Bindiga da Awon Harsashi a Ƙasar Kano

Kamar yadda littafin Tarihin Kano ya nuna, a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka fara kawo bindigogi Kano daga ƙasar Nufe, kuma Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga domin tsaron lafiyarsa. Bindigogin wancan lokaci ta baki ake ɗura su, irin waɗanda muke kira harba-ka-ruga. Su na taso na tarar a hannun maharban Zakirai, nan ƙasar Gabasawa.

Ita wannan bindiga, awonta duka yana hannun mai ita. Zai zuba albarushi, ya tura tsumma, ya sa dalma ko gutsuren ƙarfe, sa'annan ya danna da sandar ɗuri. Idan dalmar ta yi wa bututu kaɗan, ƙarfin wutar sai ya zurare ta gefe, harbin ya yi rauni. Idan ta yi yawa sai ta maƙale a tsakiya, ta bar fili tsakaninta da albarushi, wanda hakan kan fasa bututu. Haka ma in albarushi ya wuce kima. Shi ya sa tsofaffin maharba ba su yarda su ba yaro ɗuri sai ya daɗe yana kallo.

Da sojojin Kanar Morland suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sun zo da bindigogi masu ɗuri ta baya, har da mai ruwa, wato Maxim. A nan harsashi ya zo a haɗe: kwanson tagulla ɗaya ya ƙunshi kanzir da albarushi da kan harsashi. Wato awo ya bar hannun maharbi ya koma masana'anta. Misali, harsashin Ingila mai lamba .303 kwansonsa milimita 56 ne, tsawonsa duka kuwa kimanin milimita 78, kuma bindigar Lee-Enfield tana ɗaukar guda 10 a gidan harsashinta.

Dalilin kiyaye wannan tsawo shi ne, harsashi sai ya taso daga gidansa ya zarce cikin bututu ba tare da tangarɗa ba. In ya cika tsawo, ba zai zauna a gidan ba, ko kuma kansa ya tokare a bakin bututu. In ya gajarta, yakan karkace ya cije, ga kuma matsin wuta yana ƙaruwa saboda an takure albarushin. A Amurka da Turai, masu sake cika kwanso da hannu sukan auna kowane harsashi da ma'auni saboda haka.

Ina kira ga malamai su fahimtar da ɗalibai cewa bindigar da suke jin ƙararta a hawan Salla ba abin wasa ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi ko da ga mai harba-ka-ruga, kuma ɗurin ganganci yakan raba mutum da yatsunsa ko idonsa.