Yadda Dankalin Turawa Ke Yin 'Ya'ya a Cikin Kwalba

Ɗauki dankalin Turawa guda ka duba idanun da ke jikinsa. Daga nan toho yake fitowa, kuma wannan shaida ce cewa abin da muke soyawa ba saiwa ba ce kamar rogo. Reshe ne da ya nutsa cikin ƙasa, kansa ya kumbura da sitaci. To, wa ke ba shi umarnin ya daina tsawo ya fara kumburi?

Ganye ne. A shekarar 2011 masu bincike a Madrid ta ƙasar Sifaniya, ƙarƙashin jagorancin Salomé Prat, suka nuna cewa idan dare ya yi tsawo, wata ƙwayar gado mai suna SP6A takan farka a ganye. Sai ta sa a ƙera wani furotin da zai bi hanyar da abincin shuka ke bi, ya gangara har kan reshen da ke ƙasa. Saƙon na isa, wata ƙwayar gadon ta rage sinadarin jibarelin, wanda shi ke sa reshe miƙewa. Daga nan sai faɗi.

A ɗakin gwaje-gwaje ba a jiran dogon dare. Ana yanko ɗan guntun kara mai ido ɗaya, a dasa shi cikin kwalba a kan abinci mai kama da kafaffen koko, irin haɗin da Murashige da Skoog suka fitar a 1962. Idan sukarin ciki kashi 3 cikin 100 ne, ganye da saiwa kawai za ka samu. Amma a kai shi kashi 8, a ajiye kwalbar cikin duhu, bayan 'yan makonni sai ka ga ɗan dankali kamar ƙwayar gujiya maƙale a jikin karan. Sukarin nan ba ciyarwa kaɗai yake yi ba, tashin masu barci yake: ƙwayoyin gadon da ke haɗa sitaci, da na fatatin, babban furotin da dankali ke tarawa, duk sai su kama aiki. A ganina nan ne abin ya fi ban mamaki.

A gona kuwa, zafi danne SP6A yake yi, shuka ta yi ganye shar, a tona a tarar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa dankalin nan, ɗan asalin tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, ya fi jin daɗin Bokkos da Mangu a Filato, da lambunan tsaunukan Ayar a Nijar.

Manomin da ke maimaita irin bara yana gadar da cututtukan bara, amfani kuma ya riƙa ja da baya. Na kwalba, idan daga tsiron da aka tantance ya fito, yana zuwa da tsabtarsa. Don haka in za ka sayi iri bana, tambayi mai sayarwa daga ina ya fito.