Yankin Harafi a Jimlar Hausa da ta Ingilishi

A nazarin nahawu, kalmar harafi ba baƙin abacada kaɗai take nufi ba. Ana amfani da ita wajen kiran waɗansu ƙananan kalmomi da ke zuwa kafin suna ko wakilin suna domin su nuna wuri, ko lokaci, ko hanya, ko abin da aka yi aiki da shi. Harafin da sunan da ya biyo shi su ne ake kira yankin harafi, kamar a kasuwa, daga Zuru, da fartanya. Waɗannan kalmomi ba su da yawa, amma da wuya a yi jimla uku a jere ba tare da ɗayansu ya fito ba.

Sanin wannan yanki ya zama wajibi ga ɗalibin da ke shirin zama malami, musamman wanda za a tura wuri irin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru a jihar Kebbi. A can, yara da dama sukan tashi da harshen gida irin su C'lela, wanda Hausawa ke kira Dakarci, su riƙa ciniki da wasa da Hausa, sa'annan su tarar da Ingilishi a makaranta. Yaron da ya ƙware da Hausa yakan auna jimlar Ingilishi da ma'aunin Hausa ba tare da ya sani ba. Malamin da bai san tsarin harsunan biyu ba zai yi ta jan layi da jan biro a littafin yaro, shekara ta zagayo yaron yana maimaita kuskure ɗaya, har ya kai shi ɗakin jarrabawar fita sakandare.

Ire-iren harafi a Hausa

Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, sun bambanta harafi na asali da wanda aka samo daga suna. Na asali su ne irin su a, da, daga, ga, ta. Kashi na biyu kuwa sunaye ne da aka liƙa wa harafin nasaba, kuma da yawansu sunayen sassan jiki ne. Daga ciki aka sami cikin, daga kai aka sami kan, daga baya aka sami bayan, daga gaba aka sami gaban, daga baki aka sami bakin. Wato Bahaushe da jikinsa yake auna wuri, shi ya sa rijiya take da baki, dutse yake da kai, gari yake da baya.

Bambancin kason biyu yana bayyana ne idan wakilin suna ya biyo baya. Harafi na asali yakan ɗauki wakilin suna katsattse, a ce da shi, daga ita. Na biyu kuwa ɗafin mallaka yake ɗauka, a ce bayansa, cikinta, kansu. Ga yana da tasa ɗabi'ar: kafin suna a ce ga Audu, kafin wakilin suna ya rikiɗe ya koma gare, a ce gare shi. Sau da yawa kuma akan haɗa biyun wuri guda, kamar daga cikin gari, ta bayan masallaci, a kan tebur. A nan ya kamata a tuna da ƙa'idar rubutu, domin a kan da ke nuna wuri kalmomi biyu ne, akan kuwa da ke nuna sabo, kamar akan ci kasuwa, kalma ɗaya ce. Ɗalibai da yawa, har da waɗansu marubuta jaridu, suna cuɗa su.

Inda harsunan biyu suka saɓa

Saɓani na farko shi ne harafi ɗaya na Hausa yakan ɗauki aikin haruffa biyu ko uku na Ingilishi. Dubi waɗannan jimloli:

Malam yana zaune a Ribah.
An kafa jihar Kebbi a 1991.
Ya rataya jaka a bango.
Sun haɗu a tasha.

A jimla ta farko da ta biyu Ingilishi zai sa "in", a ta uku ya sa "on", a ta huɗu ya sa "at". Hausa ta wadatu da a ita kaɗai. Saboda haka yaron da ya rubuta "in the wall" ba rashin kai ba ne ya sa shi. Harshensa bai taɓa tilasta masa zaɓi a wannan gurbi ba. Abin da zai taimake shi shi ne a nuna masa cewa, a mafi yawan lokuta, "in" na tafiya da abin da ya kewaye mutum ko abu, "on" da abin da aka ɗora ko aka manna a jikinsa, "at" kuma da wurin da aka ɗauka a matsayin ɗigo guda. Haka ma a lokaci: "at" ga sa'a, "on" ga rana, "in" ga wata da shekara. Sai dai ƙa'idar ba ta game komai ba. Bahaushe yana cewa da safe, da dare, da harafi ɗaya, Ingilishi kuwa "in the morning" yake cewa amma "at night". Irin wannan sai dai a haddace.

Da ya ma fi a ɗaukar kaya. Shi ne na tarayya a ya zo da ƙanensa, shi ne na kayan aiki a ya yi noma da garma, shi ne na lokaci a da damina, shi ne kuma ke bin aikatau irin su sayar da, mayar da. A sayar da dawa, Ingilishi ba ya bukatar harafi ko kaɗan.

Saɓani na biyu ya shafi aikatau masu nuna motsi. Hausa tana cewa ya tafi kasuwa, ta koma makaranta, ba tare da harafi ba, domin aikatau ɗin ya riga ya ɗauki ma'anar nufa. Ingilishi dole ya sa "to". Daga nan ne ake samun "he went market" a littattafan yara. Abin da ke ƙara rikita su shi ne Ingilishi kansa yana cewa "he went home" ba harafi. Idan kuwa wurin mutum aka nufa, Hausa ma tana bukatar taimako, ba a cewa ya tafi malam, sai dai ya tafi wurin malam.

Akwai kuma aikatau da ke ɗaukar karɓau kai tsaye a Hausa amma a Ingilishi sai da harafi. Saurari malam, jira mota, kalli allo, duk ba harafi, alhali Ingilishi na cewa "listen to", "wait for", "look at". Wani lokaci kuma lamarin yakan juye: saboda Hausa na cewa tattauna a kan magana, sai yaro ya rubuta "discuss about", wanda daidaitaccen Ingilishi bai yarda da shi ba. Dabarar da ta fi amfani ita ce kada a koyar da irin wannan aikatau tsurarsa, a koyar da shi tare da harafinsa tamkar kalma ɗaya.

Yankin harafi a matsayin mai siffanta suna

Wannan ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. A Ingilishi yankin harafi yana iya bin suna kai tsaye ya siffanta shi, kamar "the market in Bena" ko "the man from Maga". Hausa ba kasafai take yin haka ba. Takan bi ta nasaba, a ce kasuwar Bena, mutumin Maga, ko ta jimlar dogarau, a ce kasuwar da ke Bena, ko ta mai, a ce yaro mai sanda.

Wannan bambanci yana da amfani ga malami, domin yana warware harshen damo da Ingilishi ke fama da shi. Jimlar "the farmer chased the boy with the stick" tana ɗauke da ma'ana biyu, ba a san ko sandar tana hannun manomi ko hannun yaro ba. Da zarar an mayar da ita Hausa sai a zaɓi ɗaya: manomi ya kori yaro da sanda, ko manomi ya kori yaro mai sanda. A ta farko yankin yana bayani ne a kan aikatau, a ta biyu kuwa a kan suna. Malamin da ya sa ɗalibai su fassara irin wannan jimla ya koya musu aikin yankin harafi guda biyu cikin minti kaɗan, ba tare da dogon ta'arifi ba.

Sai kuma abin da ke faruwa idan aka ɗauke sunan da ke bin harafi aka kai shi farkon zance. Ingilishi yana iya barin harafi shi kaɗai a ƙarshe, a ce "the hoe he worked with". Hausa ba ta barin da a rataye, sai ta dawo da wakilin suna ya cike gurbin, a ce fartanyar da ya yi aiki da ita. Wannan ita ɗin ce yara ke ɗauka su kai Ingilishi, su rubuta "the hoe he worked with it". Harafin da aka samo daga suna kuwa yana iya tsayawa a ƙarshe, amma sai ya yar da harafin nasaba ya koma siffarsa ta asali: ɗakin da yake ciki, tabarmar da ya zauna a kai.

Game da wanda aka yi aiki dominsa, Ingilishi yana amfani da "to" ko "for", Hausa kuwa tana da wa, wanda ke manne da aikatau yana gabatar karɓau, kamar ya saya wa Ladi zane. A karin harshen yamma, wanda ya haɗa da Sakkwato da Kebbi, ma ake ji a wannan gurbi, a ce ya saya ma Ladi zane. Malamin da aka tura Wasagu zai ji wannan siga a bakin ɗalibansa kullum. Ba kuskure ba ce, karin harshe ce, sai dai ya nuna musu cewa a daidaitacciyar Hausa ta rubutu wa aka fi sawa kafin suna, ma kuma kafin wakilin suna, kamar masa, mata, musu.